Kwali Biyar daga Faransa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen wasu yaran da na koyar sai an tuna mini. Amma rigimar da na yi da wani kamfanin silima na Faransa a shekarun fari, wannan kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Na ce "na yi", amma gaskiyar magana mahaifina ne ya yi ta, ni alƙalami kawai na riƙe.

A lokacin ina saurayin malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Damagaram, ban daɗe da aure ba, muna zaune a sashen da Baba ya yanka mini a gidanmu na unguwar Birni. Ina ji da kaina ƙwarai. Ina da albashi, ina da ɗan babur ɗin nan mobilet, in na wuce yara suna "Mushe! Mushe!", yadda ake kiran malami da Faransanci, kaina yana ƙara girma. Wani Bafaranshe da muka koyar tare, da zai koma gida, ya sayar mini da ƙaramin majiginsa da araha, ya kuma bar mini wata mujalla. A bayan mujallar na ga tallar wani kulob da ke aiko wa mutane fim ta gidan waya. Tallar ta ce fim uku a kan kuɗin ɗaya, in dai ka yarda za ka sayi huɗu cikin shekara. Akwai wani rubutu ƙanana a ƙasa, kamar sawun kiyashi. Ban karanta ba. Na sa hannu, na aika manda, wato kuɗi ta gidan waya.

Shekarar farko daɗi na sha. Ran Alhamis da ba karatu, sai in toshe tagogin aji da tabarmi, in haska wa yara a bango. Yaran da ba su taɓa ganin teku ba suka ga teku. Na sayi huɗun nan da na yi alkawari, na biya tsaf.

Sai damina ta ƙi. Ta sake ƙi. Dangin mahaifiyata da ke wani ƙauye bayan Takieta suka fara zuwa, yau biyu gobe uku, har muka wayi gari da baƙi goma sha ɗaya a gidan, ban da mu. Baba tsohon falke ne, ya yi fataucin fata da kanwa tsakanin Kano da Agadas, amma ƙafa ta riga ta gaji, kasuwar fata kuma ta mutu saboda fatun matattun shanu sun cika ko'ina. Albashina ya zama shi ne rumbun gidan. Duk ƙarshen wata in karɓa, in nufi 'yan hatsi, buhun da na saya wancan watan ya ƙara tsada a wannan. Na zauna na rubuta wa kulob ɗin cewa na gode, na daina.

Amma kwali bai daina zuwa ba. Kowane wata sai wani ɗan kati ya iso, bayansa da 'yan kwanaki sai kwali, cikinsa fim da takardar kuɗi. Na farko na buɗe, har na haska, ina cewa wataƙila sun saɓa da wasiƙata a hanya. Na biyu ya zo, na uku, har biyar. Waɗannan huɗun ban taɓa su ba, na tura su ƙarƙashin gado. Takardun kuma, da katunan da ambulan ɗinsu, na zuba cikin akwatina na rufe, kamar rufe akwati zai sa maganar ta mutu.

Wata ranar Asabar aka ba ni wasiƙa mai jan rubutu. Sun ce ina riƙe musu jaka sittin da biyu, har da tarar jinkiri. In ban biya cikin wata ɗaya ba za su ba lauya maganar, su kuma rubuta wa shugabannina a yanke daga albashina. Jaka sittin da biyu ta kusa albashina na wata biyu. Na tsaya a bakin gidan waya ina kallon takardar, abin da nake gani a idona tukunyar gidanmu ce.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Matata ce ta tare ni da hantsi ina shirin fita.

"Malam, ko ba ka faɗa mini ba, na san kwalayen nan ne. Ka je ka faɗa wa Baba."

"Me Baba ya sani a kan takardar Nasara?" na ce mata.

"Bai san takarda ba, amma ya san ciniki."

Har yau in na tuna amsar da na ba ta sai kunya ta kama ni. Na dai je, don ba ni da wata ƙofa. Na same shi a zaure yana gyaran tasbaharsa da ta tsinke. Na durƙusa na gaida shi, na kwashe labari na faɗa, kaina a ƙasa. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce in ɗauko duk takardar da suka taɓa aiko mini, har wadda na sa wa hannu, in karanta masa da Hausa, kada in tsallake ko ɗigo.

Ranar na fara karanta sawun kiyashin nan. Ashe an rubuta cewa kowane wata za su aiko kati mai sunan fim ɗin watan. In ba ka so, ka mayar da katin cikin kwana goma sha biyar. In ba su ga katin ba, ka saya ke nan. Kuma fita daga kulob sai da wasiƙar rakomande, irin wadda ake ba ka rasit a gidan waya. Tawa wasiƙar ta banza ce na jefa a akwati.

Baba ya ajiye tasbahar. "Sake karanta mini wurin kwanakin nan."

Na sake.

"Goma sha biyar ɗin daga yaushe ake ƙirgawa?"

"Daga ranar da suka rubuta, Baba."

"To, katin kwana nawa yake yi kafin ya zo hannunka?"

Ban taɓa tambayar kaina ba. Na juya ambulan ɗin farko. A gaba ga hatimin garinsu, a baya ga hatimin gidan wayarmu na ranar da ta iso. Na ƙirga: kwana talatin da ɗaya. Na biyu, ashirin da takwas. Babu ko ɗaya da ta iso ƙasa da kwana ashirin da shida. Ta jirgin ruwa suke aiko katin don ya fi musu araha, kwalin kuwa yana biye da shi a baya.

Baba ya yi wata 'yar dariya. "Wato mutum ya tsaya a Kano ya ɗaga kaya, ya ce da kai da ke Damagaram, in ba ka ce a'a ba kafin in sauke hannu, ka saya. Ai wannan ba ciniki ba ne. Na yi shekara arba'in a kasuwa ban ga inda shiru ya zama 'na saya' ba, balle shirun wanda bai ji tayin ba."

Na ji kamar an sauke mini dutse. Na ce ke nan ba za mu biya ko dala ba. Nan take fuskarsa ta canza.

"Wanda ka buɗe fa?"

"Ai shi ma ban ce a aiko ba."

"Amma ka buɗe, ka ci moriyarsa. In baƙon tuwo ya shigo gidanka bisa kuskure ka sa hannu, ba ka mayar da kwanon ka ce ba kai ka yi kira ba. Wannan za ka biya. Huɗun nan kuwa ajiya ce Allah Ya ba ka, za ka mayar wa masu ita yadda ta zo."

Kuɗin fim ɗaya da kuɗin aika kwali huɗu ba su da wurin fita daga kuɗin hatsi, wannan Baba ya yanke. Na ce in sayar da majigin, ya ce wa zai sayi hoto a shekarar da ake neman dawo? Mobilet ɗina ce ta tafi. Wani ɗan kasuwa ya taya ta da wulaƙanci, na sallama, na koma tafiya lakwal da ƙafa cikin rairayin Birni, yaran da ke mini "Mushe" suna tambaya ko ta lalace ne.

Ran Litinin Baba ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki sanda, muka taka har gidan waya, ni ɗauke da kwalaye a ka kamar ɗan dako. Muka nemi ganin babban ma'aikacin wurin. Mutum ne mai kirki, amma da ya ji muna son ya rubuta mana shaidar ranakun da wasiƙun suka iso, ya ɗan ja baya, ya ce bai saba ba da irin wannan takarda ba.

Baba ya miƙa masa ambulan ɗaya. "Ɗana, ba ƙarya na zo ka yi mini ba. Hatimin nan na wane gida ne?"

"Namu ne, Baba."

"To abin da hatiminku ya riga ya faɗa, shi nake so bakinka ya maimaita. In ya yi ƙarya, ka ce ya yi ƙarya."

Mutumin ya yi murmushi, ya jawo takarda, ya jera ranakun guda biyar, ya sa hannu ya buga hatimi. Ya kuma duba kwalayen ya rubuta cewa a rufe suke yadda suka zo.

A kan bencin da ke baranda muka rubuta wasiƙar. Baba yana faɗa da Hausa, ina juyawa. Gajeruwa ce. Ga kayanku huɗu ba a taɓa ba. Ga kuɗin ɗaya da muka buɗe. Ga shaidar cewa tayinku yana iso mana bayan wa'adinku ya wuce. Tara ba ta hau kanmu ba. Daga yau mun fita. Da na zo ƙarshe sai na ƙara wasu layuka na kaina, irin ladabin da aka koya mana a lakwal: ina roƙon su duba halin da ƙasarmu ke ciki na fari da yunwa, su tausaya. Baba ya ga alƙalami ya wuce inda maganarsa ta tsaya.

"Me kake ƙarawa?"

Na faɗa masa.

"Goge. Kada ka sa yunwarmu a takardar nan. Yunwarmu tsakaninmu da Allah ce, ba su suka hana ruwa ba. Da muna ƙoshe ma wannan kuɗi ba hakkinsu ba ne. In ka roƙa, ka yarda ana bin ka ke nan."

Na yaga takardar na sake sabuwa. Ban san dalili ba, amma ina rubutawa ina jin bayana yana miƙewa.

Jira ya fi komai wuya. Bayan mako uku wata jar wasiƙar ta zo, sun saɓa da tamu a hanya. Daga baya diraktan lakwal ɗinmu ya kira ni ofishinsa, ya nuna mini takardar da suka aiko masa a kaina. Na fito da rasit ɗin rakomande da kwafin shaidar gidan waya na shimfiɗa masa. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Wane lauya ya tsara maka wannan?" Na ce mahaifina ne. Ya ce a ina ya yi karatu? Na ce a hanyar Agadas. Ya yi dariya, ya sa takardarsu a aljihun tebur, ya ce ba mai taɓa albashina sai an ga ƙarshen maganar.

Sai da aka yi wata biyu da 'yan kwanaki amsa ta zo. Ban buɗe ba sai a gaban Baba. Sun karɓi kaya, sun karɓi kuɗi, sun soke sauran lissafin da tarar duka. A ƙarshe suka ce, ganin nisan inda nake, sun yanke shawarar cire sunana daga kulob ɗinsu.

Mahaifiyata da ke bayan ƙofa ta rangaɗa guɗa, baƙinmu suka fito suna tambayar ko haihuwa aka yi. Baba kuwa bai motsa ba.

"Tsaya. Cewa suka yi su suka cire ka?"

"Haka suka rubuta, Baba."

"A'a. Mu muka fara sallama. Ɗauko takarda."

Na ce Baba ai magana ta ƙare, kuma kan sarki kuɗi ne. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan silallan goronsa ya ajiye a tabarma. Layi biyu ya sa na rubuta: mun ga takardarku, mun gode, sai dai ku duba tamu, za ku ga mun riga ku fita. Ranar Baba bai ci goro ba, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na wannan yini ba.

Albashina bai yi ko gezau ba, tukunya ba ta sauka ba har Allah Ya kawo ruwa baƙinmu suka koma gonakinsu. Na yi shekaru ina koyarwa bayan nan, na sa hannu a takardu ba adadi, kuma ban ƙara sa wa ko ɗaya hannu ba sai na karanta ta har ƙasa. Amma babban abin da na koya ya wuce wannan. Na koyi cewa mutum ya biya abin da ke kansa ko da zai taka da ƙafa, abin da ba ya kansa kuwa ya ƙi shi da hujja, kansa a sama, ba da kuka ba. Wanda ya koya mini haka bai san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma har gobe ina alfahari da cewa ni ɗansa ne.