Gaisuwar da Ta Cinye Minti Uku

Baba ya zo mana Greensboro, nan ƙasar Turawa, shekara guda bayan rasuwar Mama, kuma tun a mota, kafin ma mu bar filin jirgi, ya gaya mini wata uku zai yi ya koma. Ya koma ina? Gidanmu na Zangon Kumasi ba kowa a ciki, yayyena duk sun watse. Tsoho ne mai hawan jini wanda ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba. A raina na ce wallahi ba inda za ka, amma ban faɗa ba, don ba a ja da Baba gaba da gaba.

Lokacin muna unguwar Glenwood, a wani ɗan gida cikin 'yan jami'a. Baba ya wuni a bakin taga yana kallon masu kekuna, akwatinsa a bayan ƙofa, ko kwance shi bai yi ba. Sai da muka koma McLeansville, inda muka samu gida mai fili, maigidana ya yi dabarar da har gobe nake gode masa. Ya sayo tumaki huɗu da rago ɗaya, ya ce, "Baba, ni ban san kan dabbobi ba, a taimaka mini." Shekara arba'in Baba ya yi a kara yana cinikin dabbobi. Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya ce an zaɓo masa marar kyau, daga nan kuma ba a sake jin zancen wata uku ba.

Shekara uku muka yi haka. Garke ya ƙaru, mutanenmu na gari suna zuwa neman ragon suna da na layya, su zauna a ƙarƙashin bishiya ana hira da Hausa da Turanci da Twi duk a haɗe. Akwatin ya hau saman kabad.

Sai ga helikwafta. Wani mutum ya kama fili a bayan dajin da ke gabas da mu, yana koya wa mutane tuƙinta, ran Asabar kuma ya ɗauki masu son kallon gari daga sama. Hanyar tashinsa da saukarsa ta saman gidanmu ce. Ei! Kofuna su yi ta rawa a kicin, kina waya sai ki yi shiru har jirgin ya wuce. Mu mutane ma ke nan, balle tumaki. Da sun ji ƙarar sai su zabura gaba ɗaya su yi kan shinge, wannan ta taka wannan.

Akwai wata tunkiya mai baƙin kunne da Baba ya fi so, tana da tsohon ciki. Wata Asabar jirgin ya wuce sau biyar kafin azahar, da la'asar ta yi ɓari, tagwaye. Baba ya haƙa rami da kansa ya binne su, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki ya sauko da akwati.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "dabba amana ce. In ba zan iya kare su ba, gara in raba su ga masu iyawa in tafi gida. Sanyi ba zai same ni a nan ba."

A satin na so in saya masa takalman sanyi, tunda nasa sun mutu. Ya ce in bar su, wa ke sa irin wannan a Kumasi? Na shiga banɗaki na yi kukana, na fito da fushi, don ni kukana ba ya daɗewa kafin ya koma faɗa.

Na yi ta buga waya a lokacin hutun aiki, ana tura ni daga wannan ofis zuwa wancan. A ƙarshe wata mata ta fahimtar da ni cewa sararin sama ba na ƙaramar hukuma ba ne, amma izinin filin da jirgin yake sauka yana hannun wani kwamiti na yankinmu, kuma lokacin sabunta shi ya zo. Duk wanda abin ya shafa zai iya zuwa ya yi magana, minti uku kowane mutum. Na zauna na rubuta jawabi mai zafi, na karanta shi gaban madubi da agogo a hannu har ya zauna daidai. Ana gobe miting Baba ya ce shi zai yi magana, tunda tumakinsa ne, ni in zama tafinta. A gaban manya, in ji shi, ba a magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Na ce to, amma fa Baba minti uku ne. Ya ce ya ji.

Ranar ya sa babbar riga fara, muka je. Mutum bakwai a zaune bayan dogon tebur, wata dattijuwa mai gilashi a tsakiya ita ce shugaba, ga wata 'yar fitila kore a gaban makirfo. Aka kira mu, fitila ta kama.

Baba ya gyara tsayuwa ya yi sallama. Ya gaida shugaba, ya tambayi gajiyarta da iyalinta da yadda take fama da jama'a. Na fassara da sauri, ina zaton an gama. Ashe an fara ne. Ya juya ga na damanta, shi ma gajiya da iyali da aiki, ya tsaya kuma yana jiran amsa! Bawan Allah ya duba hagu ya duba dama ya ce lafiya lau, ya gode. Na matsa kusa na ce ƙasa ƙasa, "Baba, tumaki." Ya ɗaga mini hannu. Yana kan mutum na biyar fitila ta koma ja, wani abu ya yi ƙara, shugaba ta ce cikin ladabi, "Mun gode ƙwarai, na gaba." Ko kalmar helikwafta ba mu furta ba.

Allah ya taimake mu takardun mai jirgin ba su cika ba, aka ɗaga maganar zuwa wata mai zuwa. Amma a mota ban iya riƙe bakina ba.

"Haba Baba! Sati biyu ina shiri! Su waɗannan ina ruwansu da ina gajiya?"

Ya bar ni na gama, har muka wuce fitilar hanya biyu. Sannan ya ce, "Mutum biyu ban gaisa da su ba. Shi ne abin da ya dame ni."

Na kusa hawa kan ciyawa da motar.

"Ni ban taɓa roƙon mutumin da ban gaisar ba," ya ci gaba, "kuma ba zan fara da tsufana ba. Amma na ga lokacinsu ƙarami ne. To sai a kai musu gaisuwar tun da wuri."

Na ɗauka zance ne kawai. Washegari da hantsi sai na hango shi a bakin titi da sandarsa, ya nufi gidan maƙwabta. A nan ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum haka kawai, ga karnuka, ga bindigogi, shi kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Na zari mayafi na bi shi da silifas.

Shekara uku muna wannan titi, iyakata da maƙwabta ɗaga hannu daga mota. A sati biyu Baba ya zagaye su duka. Ya tsaya nesa da ƙofa ya yi sallama, ya tambayi lafiya da iyali, in akwai kare har shi ya tambaya. Bai taɓa ɗauko zancen jirgi ba, kuma ba ya bukata, don ana cikin gaisuwar zai taso ta kanmu, kowa ya yi shiru, in ya wuce sai mai gida ya fara zagi da kansa. Nan na san ashe kowa yana ciki. Wata gwauruwa Baturiya mai dawaki biyu ta nuna mana inda wayar shinge ta yanke dokinta a ƙirji ranar da jirgin ya firgita shi. Wani dattijo baƙar fata ya ce matarsa ba ta da lafiya, ko gyangyaɗin rana ba ta samu. Kowa yana cin haushinsa a cikin gida shi kaɗai, ba wanda ya san da zancen miting sai da na gaya musu.

Sai Baba ya ce saura mai jirgin.

"Shi ma gaishe shi za mu yi?" na ce. "Wanda ya kashe maka 'ya'yan tunkiya?"

"Maƙwabci ne ko ba maƙwabci ba?"

Na kai shi ina cika ina batsewa. Mutumin dogo ne mai jan gemu, yana ganinmu ya haɗe rai, ya ɗauka faɗa muka kawo. Baba ya tambayi gajiyarsa da iyalinsa da yadda aiki yake, ya ce in gaya masa a wajenmu wanda aka je gaisarwa yakan rama ziyara, muka juyo. Mutumin ya bi mu da kallo baki buɗe.

Ran Asabar sai ga shi a ƙofarmu, hula a hannu. Baba ya kai shi garke, na kawo shayi. Yana tsaye da kofi sai ga jirginsa, wani yaronsa na aiki ke tuƙi. Tumaki suka zabura suka yi kan shinge, mai baƙin kunne ta faɗi ta tashi tana ɗingishi. Fuskar mutumin ta yi ja har wuya. Ya ce bai taɓa jin abin daga ƙasa ba. Bai yi mana alkawarin komai ba, ya ajiye kofi ya tafi.

Ranar miting na biyu awa guda muka riga kowa. Baba ya tsaya a bakin ƙofar zauren, duk ɗan kwamitin da ya iso sai ya tare shi ya gaishe shi a tsanake, ya fara da biyun nan da ya rasa wancan karon. Maƙwabtanmu suka yi ta shigowa, mai dawaki da hoton dokinta, dattijon nan da 'yan cocinsu, ga mutanenmu na Zango da suka ji ana so a raba Alhaji da tumakinsa. Har kujeru suka ƙare.

Da aka kira mu, shugaba ta leƙo ta saman gilashinta ta ce, "Ki gaya wa mahaifinki gaisuwa ta iso mana duka. Agogo nasa ne."

Baba ya ce tunkiya wata biyar take ɗauke da ciki, firgita ɗaya ke zubar da shi. Ya ce biyu ya binne da hannunsa. Ya ce bai zo a hana kowa sana'arsa ba, shi ma da sana'a ya ciyar da 'ya'yansa. "Amma ga babbar hanya can a ɗaya ɓangaren filin. Ya bi ta samanta mana. Motoci ba sa ɓari."

Ina fassarawa zauren ya kwashe da dariya, har da 'yan kwamiti. Baba ya dube ni ya ce saura nawa? Na ce kusan minti guda. Ya ce, "To ki ce su gaida mini mutanen gida."

Maƙwabta suka yi nasu ɗaya bayan ɗaya. Sai aka zo kan mai jan gemu. Ya ce ta kan babbar hanya ya fi masa nisa da wahala, amma ya tsaya a wancan garken ya gani, ba zai yi musu ba. Kwamiti ya sabunta masa izini da sharaɗi a rubuce: tashi da sauka ta ɓangaren babbar hanya, ba zagaye a saman gidaje. Hannu bakwai suka tashi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a zauren gwamnati, mai gadi har ya zabura. Mai dawaki ta rungume ni tana tambaya yaya ake yin wannan ihun.

Asabar ɗin da ta biyo baya na zauna a bayan gida ina jira. Jirgin ya tashi, na ji shi can nesa kamar injin niƙa na wata unguwa. Tumaki ko kai ba su ɗaga ba. Baba yana tsugune yana shafa wa mai baƙin kunne magani a ƙafa, ni kuma na kasa tambayarsa ko zancen tafiya yana nan, don akwatin yana nan a bayan ƙofa.

Ya gama, ya goge hannu, ya taka ƙasa da ƙafarsa kamar mai gwada sanyinta.

"Uwata, wannan za ta sake ɗaukar ciki, kuma tsakiyar sanyi za ta haihu. Dole mutum ya riƙa fitowa yana dubawa." Ya dubi takalman ƙafarsa. "Takalman nan da kika ce, har yanzu suna sayarwa?"

Ban ko canja zane ba na ɗauko makullin mota.