Bugu Guda, Gutsure Guda

Shekaranjiya da hantsi na ji jikata a bayan rumbu tana kokawa da wata kalmar Turanci. Ta kamo farkonta, sauran ya ƙi fitowa. Na zauna na yi ta kuka. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta muku, amma na san wannan maƙalewar tun kafin a haifi ubanta.

Tana goye ciwon gubar dalma ya shigo Tungar Guru. Allah ya bar mana ita, sai dai harshenta ya yi nauyi. Maigidana ne ya kama hannunta ya kai ta makaranta, bara kuma ya rasu. Yanzu ta ce ba ta komawa, don malamarsu ta ce kowa zai tashi ya faɗi kalmar, ita kuwa dariya ake mata.

Ni ma da i'ina na tashi. In Inna ta aike ni gidan baffana da fura, sai in tsaya a zaure, sallama ta ƙi fita, har ƙudaje su rufe faifai. Wata shekara bayan girbi, tsakar gida na ƙanshin sabon gero, kakata ta kira ni bakin turmi ta miƙo mini ƙaramar taɓarya.

"Ke ja'ira, mi kike gaggawa? Masu gidan gudu za su yi? Bugu guda, gutsure guda."

As, na buga. Sa, na buga. La, mu. Dusa ta yi mini fari a gira, tafina ya yi ja, kaji na tsince a ƙafafunmu. Kafin mu gama surfe na yi sallama cikakkiya. Ta amsa da ƙarfi kamar baƙuwa ta zo daga Gummi.

Shekaranjiyan nan da la'asar na dogara sanda na je wurin malamar, wata Kirista mai haƙuri. Ta faɗa mini a hankali: kwa-di-ri-la-ta-ral, wato abu mai gefe huɗu, kamar tabarma. Farkon na nufin huɗu, ƙarshen gefe, kuma Turawan ma aro suka yi daga wani tsohon harshe.

Na ce, "Ashe haɗi ce, Malama. To, za mu raba ta."

Yau kowa inji yake kai hatsi. Turmin gidanmu ya daɗe a kife, a kansa marigayi yake zama ya yi alwala, ba wanda ya taɓa shi tun rasuwarsa. Ni na juya shi da hannuna. Muka daka kalmar gutsure-gutsure, ni da yarinyar, har magariba.

Ɗazu ta dawo daga makaranta. Ta ce ta maƙale a tsakiya, wasu sun fara dariya, sai ta buga ƙafa a ƙasa ta ƙarasa.

"Kaka, ke ma faɗi in ji."

Na gwada, na karye a gutsure na uku. Ta yi dariya har da faɗuwa. Tun ranar da aka fita da gawar maigidana ban ji dariya a gidan nan ba.