Gyaɗar da Mama Ba Ta Sayarwa

Mama ba ta taɓa sayar wa kowa gyaɗa mai ɗaci ba, kuma duk Gonin Gora an san ta da wannan. A yashi take suya, ta ɗura a kwalabe, ta jera a bakin titin Abuja. Direba sai ya wuce tebur biyar ya tsaya a nata.

Sirrin a tsinta yake. Kullum da hantsi takan miƙe ƙafa a ƙofar ɗaki, ta zuba gyaɗa a faifai tana bi ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau ta faɗa kwano. Wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko fumfuna ta kama, sai ta wuce bakin Mama. Ko kallo ba ta yi, hannun ya san hanya. In ɗayanmu, ni ko ƙannena, ya kai hannu wajen ɓatattun, sai ta buge shi, ta damƙo masa daga masu kyau. Buhunan gyaɗar kuwa a ƙuryar ɗakinmu suke, kan siminti, kuma da damina bangon nan har gumi yake yi.

Shekarar da soja suka koma bariki na shiga makarantar koyon aikin jinya. Titi ya cika da motocin 'yan siyasa, ciniki ya buɗe, buhu biyu ya koma huɗu, ɓatattun ma suka ninka. A aji aka koya mana cewa fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Na dawo hutu da ilimina yana tafasa.

"Mama, ki daina cin wannan. Guba ce."

"To, likita ta iso," in ji ta, ta jefa wata a baki. "Wata uku a makaranta, har kin fi uwarki sanin gyaɗa? Tun ba a haife ki ba nake ci. Abin da Allah ya ba mutum ba a zubarwa."

Ni kuwa da saurin fushi aka haife ni. Na kwashe tarin ɓatattun da ke gefenta na watsa a kwata. Kwana biyu ba ta ce mini ko sannu ba. Na koma makaranta ina kumbure-kumbure, na ce in na sake magana a canja mini suna. Ban sake ba. Wannan shirun nawa shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Bayan shekara uku Mama ta fara ramewa, cikinta kuma yana girma. Idonta ya yi rawaya. Matan zumunta na cocinmu suka riƙa zuwa addu'a, wasu na raɗa cewa masu teburin kusa ne suka yi mata asiri don hassada. Na so ƙwarai in yarda da su, don da ya fi mini sauƙi.

A asibiti, bayan hoto da gwajin jini, likita ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Mama ta ce ya yi mata bayani yadda za ta gane, ita ba ta yi boko ba. Ya ja kujera ya zauna kusa da gadon.

"Mama, jikin mutum 'yan ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu. Wasu su mutu, wasu su maye gurbinsu. In guba tana shiga kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, sai ta ɓata wata ƙwaya, ta kasa tsayawa, ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari. Kina shan giya?"

"Ko burkutu ban taɓa ba."

"Wace sana'a kike yi?"

Ta gaya masa, har da alfaharinta na tsinta. Ya tambayi inda ɓatattun suke zuwa. Mama ta juyo ta kalle ni, shi kuwa ya gane amsar. Likita ya ce ba zai rantse gyaɗar ce kaɗai ba, don jininta ya nuna tsohon ciwon hanta da ba ta san tana da shi ba, amma in su biyun suka haɗu hanta ba ta daɗewa.

Na tsaya ina jiran ta yi kuka, ko ta tambayi kwana nawa suka rage mata. Wani mugun ɓangare na zuciyata ma yana jiran ta ce ashe gaskiyata ce, kuma ina jin kunyar wannan har gobe. Da likita ya fita sai ta kama hannuna da yatsunta da suka zama ƙashi, ta ja ni kusa.

"Ke, faɗa mini tsakaninki da Allah. Ke da ƙannenki, ba wanda ya taɓa ci a ɓoye, ko?"

Na ce babu.

"To, na gode wa Allah," ta ce, ta saki hannuna, ta gyara kwanciya.

Sati bakwai ta ƙara a duniya.