Faisal ya maimaita tambayarsa

Ina cikin kwashe shinkafa 'yata ta miƙo mini waya. Sai ga bidiyon ɗana Faisal kwance a filin wasa ba ya motsi, ƙattai sun yi masa rumfa.

A nan unguwar Kurayyat ta Jidda na haife shi. Ƙwallo ce ta kai shi jami'a a Amurka, irin tasu ta hular kwano, wadda ake karo kamar raguna.

Na kira shi nan take. Ya ɗauka yana dariya.

"Ummi, halas, ya wuce, 'yar buguwa ce a ka. Mun hau na biyu a rukuninmu! In muka ci wasan Asabar, za a gayyace mu babban wasan ƙarshen shekara. Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Ya ce likita ya ce ya huta, amma zai lallaɓa koci ya sa shi.

Can sai ya sake cewa, "Ummi, kin ci abinci?"

Wallahi bai san ya riga ya tambaya ba.

Jibi ne Asabar, ni kuwa ina Jidda. Iyaye, don Allah ta yaya uwa ke hana ɗanta buga wasa daga wannan nisa?