Ƙafar Gado ta Hagu

Bana shekara hamsin da rasuwar wana Gado, kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗi a majalisa ba: ni da aka kora daga lakwal, makarantar boko, tun aji biyu, ni na naɗa kaina lokotoronshi, wato likitanshi.

Shekarar babban fari ce. Hatsi ya ƙone a gona, Gado ya tahi Kwatano neman abin da za mu ci. Ya komo Filinge bisa kamyo, babbar motar kaya, kwana uku a takure tsakanin buhuna, babu wurin miƙe ƙafa. Da ya sauka, ta hagun ta kumbura har cinya, ga zafi, ga ciwo. Lokacin nan ko'ina ka duba a ƙasarmu ta Kurfai kumburin yunwa ne, wa zai kula? Har ba'a na yi mishi, na ce ta hagun ce ke cinye jar dawar taimako ita kaɗai. Ya yi dariya. Na samo man kaɗanya na dinga murza ta safe da marece, da ƙarfina duka, ina yabon hannuna.

Rana ta huɗu ya tashi alwalar la'asar, numfashi ya gagare shi. Ya dafe ƙirji, ya yi tari da jini. Kafin a ɗaura wa jaki amalanke, Gado ya cika. Wasu suka ce iska ce. An ba mu tuta da mulkin kai, amma ƙauyenmu ko mai allura guda bai samu ba.

Bara jikanyar Gado ta haihu a Yamai, ƙafa guda ta kumbura. Lokotoro ya goga mata na'ura, ya nuna mini a allo: jini ne ya daskare cikin jijiya. Ya ce kada kowa ya murza, gudan na iya ɓallewa ya tahi huhu ya toshe numfashi. Na cusa hannuwana cikin riga. Aka ba ta magani, ta tashi. Da Gado ya ga wanga allo, ban sani ba ko dariya zai yi, ko ni zai duba.

Gonarshi na nan, ni ke noma ta. Sai kuma maganar matarshi Hajo, abokiyar wasana, wadda ban taɓa bari ta ci ni da baki ba. Tun ran da na fara murzar nan, ina narka man a kasko ta tsaya kaina ta ce, "Ƙanen miji, ni dai ban taɓa ganin yunwar da ta kumbura ƙafa guda ta bar guda ba."