Tambarin da Ke Bayan Ɗan Mai Guga

Shekara goma sha ɗaya ina buga takardu a shagona, Baba Mai Guga yana gefena, katanga ɗaya ta raba mu. Mutum ne da ba ya gaggawa. Sai ya yayyafa wa riga ruwa da yatsu, ya tsaya yana kallon tururi kamar akwai wanda zai fito daga ciki. Ni kuwa mai zafin kai, har haushi yake ba ni.

Ɗansa ɗaya namiji. Yaron ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a kan wuyan rigar mutane ba, uban ya harzuƙa ya ce in ya fita kada ya dawo. Aikuwa bai dawo ba. Shekara shida ba waya, ba saƙo.

Wata safiya Baba ya shigo da wayar 'yarsa a hannu. Wani direban babbar mota ɗan unguwarsu ne ya hango yaron a hanya ya ɗauki hotonsa ya turo mata, amma wai ya manta garin. Kai, wasu mutane! Ga ɗan nan ya yi gemu, yana ɗauke da tukunyar fure. A bayansa, jikin gilashin wata ƙofa, akwai ɗan tambarin nan mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, QR.

"'Yata, wannan abin fa? Na ga kuna haska shi da waya."

Na yanko gurin, na ƙara masa girma, na ɗora a wani shafin intanet da ke karanta irinsu daga hoto. Ya ƙi. Na gyara haske, ya ƙi. Na zagi na'urar tas. Karo na biyar sai ga shi ya buɗe: gidan sayar da furanni da dashen itatuwa, da hotuna, da lambar waya a ƙasa.

Na ce, "To Baba, mu kira."

Ya ce, "Bari tukuna."

Mako uku yana cewa bari tukuna. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a kujerar masu jira, in buɗe masa hotunan. Ya san kowane layin tukwane. Ya ce nan ƙarƙashin rumfar ɗansa ke hutawa, wancan famfon nan yake wanke ƙafa, ƙila da yamma iska tana kawo masa ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A zuci ya gina wa yaron ɗaki, ya sa masa taga, har mata ya zaɓa masa mai sanyin murya. Wallahi tausayinsa nake ji, don na gane tsoro yake kada a kashe masa waya a kunne.

Ranar da haƙurina ya ƙare, ban tambaye shi ba, na danna lambar, na sa wayar a lasifika, na miƙa masa. Ya harare ni. Duk jawabin neman sulhun da ya yi ta bitarsa a kan teburin guga, na ga ya tsere masa.

"Sannu da kira, gidan furanni ne. Me za a kawo?"

Nan take Baba ya gane muryar ɗansa. Can ya ce, "Kana cin abinci kuwa?"

Na leƙa wayar in ga ko layin ya yanke.

"Ina ci, Baba."