Ƙafafun da Suka Taka Min Baya a Stratford

Jama'a, wannan abin ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gwamnati na ta tura mu karatu waje, ni ma aka turo ni Landan karatun injiniya, ina zaune a unguwar Stratford.

Shekarata ta biyu ciwon baya ya sa ni gaba, kuma ba ciwon kaɗai ba, fatar bayan nawa ko riga ta goge ta sai in ji kamar an watsa min barkono. Zaman aji ya gagare ni, likitoci sun yi hoto sun ce ba su ga komai ba, ga malaminmu ya ce in na ƙara fashi sai dai a mayar da ni gida. Ni da aka raka filin jirgi da mota uku, in koma hannu rabbana?

Wani abokina ɗan Zariya ya kwatanta min wani tsoho Basine mai tausa irin ta ƙasarsu, a saman wani shagon wanki. Da rana tsaka na je. Tsohon ya sa na cire riga na kwanta rub da ciki a wani gado mai rami wurin fuska, ya daddanna ƙashin bayana ina cije baki, sannan ya ce zai sauka ya ɗumamo mai, kar in motsa. Ta ramin nan na ga takalmansa sun fita, na ji ƙarar matakala har ƙasa.

Sai na ji an hau bayana. Ƙafafu ne ƙanana, masu ɗumi, suna taka ni a hankali, sak yadda yara ke taka wa manya baya a gida. Na ɗauka jikan tsohon ne, ga daɗi, rabon da a taɓa fatar nan ban yi ƙara ba har na manta. Bakina ya suɓuce da Hausa na ce, "Yauwa, ɗan yi sama kaɗan."

Aka yi sama. Na ce, "Dama." Aka koma dama. Nan gabana ya faɗi, don wane ɗan Sin ne ke jin Hausa a Landan? Na fara jan Ayatul Kursiyyu, ƙafafun suka tsaya cak tsakanin kafaɗuna, ina jin yatsunsu suna motsi.

Tsohon na turo ƙofa nauyin ya ɗauke. Na ce da Turanci ina yaron? Ya ce shi kaɗai yake zaune. Da ya dubi bayana sai kwanon man ya suɓuce masa, ya miƙo min rigata, ya ce, "Ka yi masa magana?" Na ce e. Ya ce, "Tafi. Kar ka dawo."

Ciwo dai ya tafi tun ranar, na gama karatuna lafiya. Amma har yau ba na kwanciya rub da ciki, don ina yi sai in ji katifa ta lotsa a gefena, kamar ana jira in ba da izini. Ku dai in aka taɓa ku ba ku ga mai taɓawar ba, ku yi bisimilla ku kama bakinku.